Ɗanyen bayit ko rubutu: wanne ya kamata maikurokontrola ta aika ta layin siriyal?

Idan ka rubuta Serial.print(65) a kan allon Arduino, ƙaramin allon lantarki mai ɗauke da maikurokontrola, wato 'yar kwamfuta a guntu ɗaya, bayit biyu ne ke fita ta waya: 54 da 53, wato lambobin da tsarin ASCII ya ware wa alamar "6" da alamar "5". Idan kuwa Serial.write(65) ka rubuta, bayit ɗaya tak ne ke fita, darajarsa 65 cif. A karon farko Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙon a kwamfuta, zai nuna maka 65, a karo na biyu ya nuna maka A, domin shi aikinsa kawai ya mayar da duk bayit ɗin da ya iso zuwa harafi, kuma 65 a ASCII ita ce A babba. Daga nan ne wasu ke zaton write ta lalace, alhali abin da aka sa ta shi ta yi.

Ita da'irar UART da ke cikin maikurokontrola, wadda ke aikawa da karɓa ta layin siriyal, ba ta san wani abu wai shi rubutu ba. A miƙa mata bayit, wato lamba tsakanin 0 da 255, ta jera bit takwas a kan waya ɗaya bayan ɗaya, iyakarta ke nan. Abin da muke kira rubutu yarjejeniya ce kawai tsakanin mai aikawa da mai karɓa, cewa za a taƙaita ga bayit ɗin da ke da harafi, a keɓe wasu kaɗan su zama alamar tsayawa. Wanda ya zaɓi ɗanyen bayit ya fita daga wannan yarjejeniya, ya samu gudu, amma duk hidimar da take yi masa a ɓoye ta dawo wuyansa. Tun yanzu in faɗi inda na karkata: a fara da rubutu, kada a koma ɗanyen bayit sai lissafi ya nuna layin ba zai ɗauka ba, ko kuma na'urar da ke ɗaya ƙarshen ita ce ta gindaya sharaɗin.

Inda ake yawan yin tuntuɓe

Akwai wanda zai ce ai yana aika bainari, don ya rubuta Serial.print(78, BIN). Wannan rubutu ne har yanzu, kuma mafi tsawo: haruffa bakwai, "1001110", kowanne da nasa bayit. Haka ma Serial.print(78, HEX), wato heksa, lissafi a tushen goma sha shida, haruffa biyu take fitarwa, "4" da "E". Duk abin da ya bi ta print an riga an juya shi zuwa haruffa, sai dai idan nau'in char aka ba ta, wanda take turawa yadda yake. A da akwai Serial.print(x, BYTE), amma an cire ta da fitowar Arduino 1.0 a 2011, write ta gaje ta. Tsofaffin misalan kod da ke yawo har yau da wannan kalmar ba za su harhaɗu ba.

Ita ma write tana da nata halin. Bayit ɗaya take ɗauka, don haka Serial.write(300) ba za ta yi ƙorafi ba, za ta yanke saman lambar ta aika 44, wato abin da ya rage bayan an cire 256. Sai kuma sifili. A harshen C, bayit mai daraja 0 shi ne alamar ƙarshen jimla, saboda haka duk umarnin da aka tura a matsayin jimla zai tsaya a sifilin farko. Ɗauki na'urar auna iskar kabon dayoksaid ta MH-Z19: umarnin neman ma'auni a wurinta bayit tara ne, 255, 1, 134, sifili biyar a jere, sannan 121. Ka aika shi a matsayin jimla, uku ne kawai za su fita, na'urar ta yi shiru, kai kuma ka shiga duba wayoyi. Maganin shi ne a zuba bayit ɗin cikin jeri na uint8_t, nau'in lamba mai bayit ɗaya, a kira Serial.write(jeri, 9), a faɗi tsawon da baki. A wasu laburare, irin su SoftwareSerial, ko write(0) kaɗai tana iya hana kod harhaɗuwa, don ba a san ko lamba ake nufi ko adireshin jimla ba. Sai an rubuta (uint8_t)0.

Lissafin gudu

A tsarin da kusan kowa ke amfani da shi, 8N1, kowane bayit yana cin bit goma a kan waya: ɗaya na farawa, takwas na saƙo, ɗaya na tsayawa. Ke nan raba gudun bod, wato yawan bit a daƙiƙa, da goma ya ba ka yawan bayit a daƙiƙa. A 9600 bayit 960 ne. A 115200 kuma 11,520.

Arduino Uno, mai ɗauke da ATmega328P, yana auna wutar analog da bit goma, daga 0 zuwa 1023. Idan aka aika ma'auni mai alamomi huɗu da println, bayit shida ne, domin println tana ƙara 13 da 10 a ƙarshe. A gudun 9600 ma'auni 160 ke nan a daƙiƙa. A ɗanye bayit biyu sun isa, ma'auni 480. Ninki uku. Idan na'urar auna motsi ce irin MPU-6050, mai fitar da lambobi shida masu bit goma sha shida, layin rubutu zai iya kai bayit 43 idan lambobin sun cika kuma suna da alamar ragi, har da waƙafi biyar da ƙarshen layi. Ɗanyen saƙon bayit 12 ne. A ƙara masa biyu na tantance kuskure da biyu na nuna iyakar saƙo, ƙunshin ya zama bayit 16. A gudun 115200 rubutu zai ba ka layi kusan 267 a daƙiƙa, ɗanye ya ba ka ƙunshi 720.

Ribar ke nan, ninki biyu da rabi zuwa uku a yawancin ayyuka. Ba ƙarama ba ce, amma a kwatanta ta da wannan: ɗaga gudu daga 9600 zuwa 115200 ninki goma sha biyu ne, kuma lamba ɗaya za ka canza a kowane gefe. Da yawan masu kukan layi ya yi musu kaɗan suna kan 9600 ne don kawai ita suka tarar a misalin farko da suka kwafa. A kan allo mai agogon megahaz 16, gudun 250000 da 500000 da 1000000 ma sun fi 115200 dacewa, domin suna rabuwa daidai da agogon ba saura, ita kuwa 115200 tana da kuskuren kusan kashi 2 cikin ɗari. Allunan da ke magana da USB kai tsaye, irin su Leonardo da Raspberry Pi Pico, su lambar bod da ka rubuta ba ta ma taɓa gudun tashar USB ɗin.

Akwai wani nauyin da ba a gani a lissafin waya. Juya lamba zuwa haruffa yana buƙatar rabawa da goma sau da yawa, kuma ATmega328P ba ta da da'irar rabawa, da manhaja take yi a hankali. Idan kana ɗaukar ma'auni sau dubbai a daƙiƙa, wannan lokacin yana taruwa. Haka kuma ma'ajiyar jiran fita a Uno bayit 64 ce. Da ta cika, print da write duka suna tsayawa su jira, shirinka gaba ɗaya ya tsaya tare da su. A kan ESP32 ko wani guntun ARM mai sauri, zancen juya lamba ba abin damuwa ba ne sosai.

Kuma ba kullum ɗanye ne ya fi gajarta ba. Lamba 7 da ke zaune cikin nau'in long bayit huɗu ce a ɗanye, a rubuce kuwa "7," bayit biyu ne.

Abin da rubutu ke yi maka kyauta

Na farko, kana gani da idonka. Ka buɗe kowace manhajar tasha, ka ga "512,498,1023", nan take ka san ko na'urar aunawa ce ta kwance ko kod ɗin kwamfuta ne. Serial Plotter zai zana maka shi ba tare da ka rubuta komai ba, kuma idan ka adana shi a fayil, manhajar tebur irin Excel za ta buɗe. Wannan kaɗai ya isa dalili ga aikin da ake cikin gwadawa.

Na biyu shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Bayit 10, alamar sabon layi, ba ya taɓa fitowa a cikin alamomin lamba, waɗanda ke tsakanin 48 da 57. Don haka ko a tsakiyar zance mai karɓa ya shigo, ko bayit ya ɓace a hanya, layi ɗaya ne zai lalace. Da ya ga 10 na gaba ya dawo daidai. Rubutu kuma bai damu da wace irin na'ura ce ta aiko shi ba: "700" ɗari bakwai ce a AVR (dangin guntun da ke cikin Uno), a ARM, a Python, ko'ina. Ba banza ba ne tsare-tsare masu daɗewa suka zauna a kansa: umarnin AT da modem ɗin Hayes ya zo da shi a 1981, wanda na'urorin GSM ke ji har yau, G-code na injinan buga abu mai siffa uku, da jimlolin NMEA 0183 da na'urorin GPS ke fitarwa, masu farawa da alamar dala, waɗanda asalin gudunsu 4800 ne kacal.

Rauninsa, ban da tsawo, yana wajen lambobi masu ɗigo. Serial.print(3.14159) za ta ba ka 3.14 sai in ka nemi ƙarin gurabe, kuma sprintf da %f a kan Arduino mai AVR alamar tambaya take bugawa, don an cire wannan sashen saboda ƙarancin wuri. Sannan idan maikurokontrolar ce ke karɓar rubutun, warware shi yana cin kod da ƙwaƙwalwa, ga Uno mai RAM kilobayit biyu. Kuma kada a ɗauka rubutu yana kare kansa daga kuskure: "512" da ta rasa alamar tsakiya ta zama "52", lamba mai kyan gani. Shi ya sa NMEA ke rufe jimla da tauraro da lambar tantancewa.

Kuɗin da ɗanyen bayit ke karɓa

A ce ma'auninka 700 ne. A bayit biyu, 2 ne a sama da 188 a ƙasa, don 2 sau 256 a haɗa da 188 shi ne 700. Wanne zai fara fita? AVR da yawancin guntayen ARM Cortex-M da kwamfutocin x86 duk ƙaramin suke sa wa a gaba cikin ƙwaƙwalwa. Modbus da ƙa'idojin intanet kuwa babban suke fara aikawa. Idan mai karɓa ya juya su, 700 ta koma 48,130. Wannan mai sauƙi ne: a yanke shawara, a rubuta ta a saman kod, a gefen Python a sa alamar da ta dace a struct.unpack.

Mai wahalar ita ce iyaka. Allon yana ta zubo 188, 2, 188, 2, 188, 2. Kwamfuta ta buɗe tashar a daidai lokacin da 188 ta riga ta wuce, sai ta fara haɗa 2 da 188 na gaba. Sakamakon 48,130 ne kuma, lamba ɗaya da ta matsalar farko, ga cuta biyu masu alama ɗaya. Bambancin shi ne wannan ba ya faruwa kullum. Uno yana sake tashi duk lokacin da aka buɗe tashar, ta hanyar siginar DTR, don haka a kan teburin gwaji komai yakan fara daga farko ya tafi lafiya. Ranar da aka koma allon da ba ya sake tashi, ko wani injin lantarki mai jan wuta ya watsa hayaniya a waya bayit ɗaya ya salwanta, ko ma'ajiyar karɓa ta cika, daga nan duk abin da ya biyo baya shirme ne har sai an kashe an kunna. A gudun 115200 ma'ajiya mai bayit 64 tana cika cikin ƙasa da milisakan shida, kuma abin da ya zo bayan ta cika zubar da shi ake yi ba sanarwa.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a sa 10 ko 255 a ƙarshen kowane ma'auni. Ba ta tsayawa. Ma'aunin 266 da 522 ƙaramin bayit ɗinsu 10 ne. 511 da 767 da 1023 nasu 255 ne. A ɗanyen saƙo dukkan darajoji 256 na saƙon ne, babu wadda ta rage ta zama alama. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Aika struct, wato tarin lambobi da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya, gaba ɗaya da write yana da daɗi, layi ɗaya an gama, amma a kula. Nau'in int bayit biyu ne a Uno, huɗu a ESP32. Nau'in double huɗu ne a AVR, takwas a ARM. Struct mai uint8_t ɗaya da uint32_t ɗaya bayit biyar ne a AVR, amma a ARM takwas, don ana cusa bayit uku na ciko a tsakani. Sai an yi amfani da nau'o'i masu tsayayyen girma, uint16_t da int32_t da 'yan uwansu, an kuma sa packed, umarnin da ke hana cusa ciko, ko kuma a jera bayit ɗin da hannu, wanda ni na fi amincewa da shi.

Ita ma kwamfutar tana iya taɓa saƙon kafin ya iso gare ka. Tashar siriyal a Linux, idan ba a sa ta a yanayin raw ba, tana mayar da 13 zuwa 10, tana kuma ɗaukar 17 da 19 a matsayin umarnin ci gaba da dakatawa na XON/XOFF ta haɗiye su. Laburaren pySerial yana gyara wannan da kansa. Mai rubuta C da termios shi zai kira cfmakeraw. Kuma dole a nemi manhajar da ke nuna heksa, irin su RealTerm ko CoolTerm, ko xxd a Linux, domin Serial Monitor tarkace kawai zai nuna.

Idan an zaɓi ɗanye, wace iyaka?

A nan ne ainihin zaɓi na biyu yake, kuma hanyoyin ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi yaɗuwa ita ce kan ƙunshi da tsawo da lambar tantancewa. Tsarin UBX na na'urorin GPS na u-blox misali ne mai kyau: bayit biyu na farawa, 181 da 98, sai aji da lambar saƙo, sai tsawo a bayit biyu, sai saƙon, sai bayit biyu na tantancewa. Abin lura, na'ura ɗaya ce ke iya fitar da NMEA da UBX duka, rubutu don kowa ya fahimta, ɗanye don mai son cikakken bayani da sauri. Hanyar tana da sauƙin aikawa. Wahalar tana gefen karɓa: 181 da 98 na iya fitowa a tsakiyar saƙo, mai karɓa ya ɗauke su farkon ƙunshi, ya karanta tsawon ƙarya, ya zauna jiran bayit dubbai. Dole a sa iyakar tsawo, a kuma rubuta yadda za a koma neman kan ƙunshi idan tantancewa ta faɗi. Yawancin kod ɗin da ake rubutawa a gaggauce wannan sashen suke tsallakewa.

Ta biyu ita ce dabarar MIDI, tsarin kayan kiɗa na 1983 mai gudun 31,250. A can duk bayit ɗin umarni bit ɗinsa na sama a kunne yake, wato 128 zuwa sama, na saƙo kuma 0 zuwa 127. Firmata, tsarin da kwamfuta ke sarrafa allon Arduino da shi, ta ari wannan fasali. Ga ma'auni mai bit goma ba ta da na biyu: raba 700 da 128, ka samu 5 saura 60, ka aika 133, wato 128 da 5, sannan 60. Bayit biyu ne dai kamar da, ba ƙari ko ɗaya, amma yanzu mai karɓa da ya ga lamba daga 128 zuwa sama ya san farkon ma'auni ne. Har akwai sauran bit huɗu a bayit na farko da za a iya sa lambar tasha a ciki. Idan saƙon ya girma ya haɗa float, wato lambobi masu ɗigo, da lambobi masu bit 32, yanka su bakwai-bakwai ya zama aiki, a nan sai a bar ta.

Ta uku SLIP, wadda aka rubuta a RFC 1055 a 1988. An keɓe 192 a matsayin ƙarshen ƙunshi; idan 192 ta fito cikin saƙo sai a musanya ta da 219 da 220, idan 219 ce ta fito a musanya ta da 219 da 221. Layuka kaɗan ne na kod, ana iya aikawa bayit-bayit ba tare da tara ƙunshin ba, kuma da ita esptool ke magana da guntayen ESP wajen loda manhaja. Aibinta tsawon ƙunshi ba ya tsayawa: saƙon da ya cika da 192 zai ninka biyu, don haka ma'ajiya da lissafin lokaci sai an yi su a kan mafi muni.

Ta huɗu COBS, ta Stuart Cheshire da Mary Baker, daga ƙarshen shekarun 1990. Tana kawar da duk sifili daga saƙo, ta bar sifili ya zama iyaka shi kaɗai. A gurbin kowane sifili ana rubuta nisan da ke tsakaninsa da sifili na gaba, a kuma sa irin wannan lamba a farko. Saƙon 17, 0, 200, 5 zai zama 2, 17, 3, 200, 5, sannan 0 na rufewa. Ƙarin da take yi bai wuce bayit ɗaya a kowane 254 ba, ban da sifilin iyaka, ko mene ne ke cikin saƙon. Mai karɓa ya karanta har ya ga sifili, kamar yadda mai rubutu ke karantawa har ya ga sabon layi. Bayit ya ɓace, ƙunshi ɗaya ne ya tafi. Sharaɗinta a tara ƙunshin a ƙwaƙwalwa kafin a aika, wanda ga saƙon bayit ashirin ko hamsin ba komai ba ne. Ga sabon aiki tsakanin allo da kwamfuta, COBS da CRC, wata lambar tantance kuskure, mai bit 16 nake ba da shawara.

Ta ƙarshe ita ce iyaka da shiru. Modbus, wanda Modicon ya fito da shi a 1979, a nau'insa na RTU yana gane ƙarshen ƙunshi ne idan layin ya yi shiru na tsawon haruffa uku da rabi. Tsakanin maikurokontrola biyu a kan tsarin waya na RS-485 yana aiki sosai. Da kwamfuta ta shigo ta adaftar USB, lokaci ya daina zama abin dogaro: adaftar tana tara bayit ta tura su dunƙule, guntayen FTDI ma suna iya riƙe su har milisakan 16 a saitinsu na asali. In ba Modbus ɗin kake yi ba, kada ka ƙirƙiro sabon tsari a kan shiru.

Ko wacce aka ɗauka, iyaka daban, tantancewa daban. Tara bayit ɗin a aika jimillarsu ya fi babu, amma ba ya gane bayit biyu da suka yi musayar wuri. CRC tana ganewa.

Hanyar tsakiya

Akwai zaɓin da ake mantawa da shi: a ɗauki ɗanyen bayit a rubuta kowanne da haruffan heksa biyu, a rufe da sabon layi. Haka Modbus ASCII ke yi, yana buɗewa da alamar ɗigo biyu, haka ma fayilolin Intel HEX da ake loda wa guntaye. Tsawon ninki biyu ne daidai, ba ya hawa ba ya sauka. Saƙon MPU-6050 na ɗazu da CRC ɗinsa zai zama bayit 29, kusan layi 397 a daƙiƙa a gudun 115200, tsakanin 267 da 720. Babu rabawa da goma, babu rikicin iyaka, babu bayit ɗin da Linux zai haɗiye, float yana wucewa da cikakkiyar darajarsa, kuma ana iya kwafe layi daga tagar tasha a bincika shi. Ido ba zai karanta "BC02" ya ga 700 nan take ba, amma zai ga ko layin ya cika. Tsarin wanne bayit ke gaba da girman nau'o'i dai suna nan, sai an daidaita su.

To wanne?

Idan na'urar da ke ɗaya ƙarshen tana da tsarinta, babu zaɓi. Kayan MIDI na jiran 144, 60, 100 don ya buga sautin C na tsakiya. MH-Z19 na jiran bayit taranta. Na'urar GSM na jiran "AT" da haruffa. Takardar bayanan na'urar ce ke hukunci, kuma duk inda ta rubuta 0x86, wato 134 a rubutun heksa, bayit ɗaya take nufi, da write za a aika.

Idan kai ne mai gefen biyu, yi lissafin kafin ka taɓa kod: bayit nawa a layi, layi nawa a daƙiƙa, sau goma. In sakamakon bai kai rabin gudun da layinka zai iya ba, zauna a rubutu. Zafin ɗaki sau ɗaya a daƙiƙa, matsayin maɓalli, umarnin kunna fitila, duk waɗannan ba su da abin da za su ci a ɗanyen bayit sai wahalar bincike. In ya matso kusa, ɗaga bod tukuna, ka cire sarari da kalmomin ado daga layin, ka aika zafi 23.75 a matsayin 2375. In har yanzu bai isa ba, ko kuma ba ka da ikon ɗaga gudu, kamar a rediyo mai ƙaramin ƙunshi irin LoRa, ko doguwar wayar RS-485, ko na'ura mai batir da kowane bayit ke cin wuta, to lokacin ɗanye ya yi: dabarar MIDI ga ma'auni ɗaya ko biyu, COBS da CRC ga abin da ya fi haka.

Abu biyu za a tanada tun ranar farko. A sa bayit ɗaya mai ƙirga ƙunshi, daga 0 zuwa 255 ya juyo, don kwamfuta ta san lokacin da wani ya ɓace. CRC tana kama wanda ya iso a lalace ne kawai, ba ta san da wanda bai iso ba. Sannan a yanke inda saƙonnin bincike za su bi. Serial.println("na iso nan") guda ɗaya da aka manta a tsakiyar kod ya isa ya ɓata ƙunshin da ke biye da shi. Ko dai a ba su UART ta biyu, a allunan da ke da ita irin su Mega da ESP32, ko a ware musu nau'in ƙunshi nasu, bayit na farko ya nuna cewa abin da ke ciki rubutu ne, manhajar kwamfuta ta buga shi a gefe.